A Yi wa Marigayan Masu Shirya Fim Adalci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a Amurka, wadda nake zaton za ta iso mana ba da jimawa ba, wato shirya fim a kan rayuwar mashahuran masu ba da umarni bayan ƙasa ta rufe musu ido.

A 2020 David Fincher ya fitar da Mank, inda aka nuna kamar Herman Mankiewicz ne ya ɗauki nauyin rubuta Citizen Kane na 1941 kusan shi kaɗai, mai ba da umarninsa Orson Welles kuwa suna ya nema, alhali tun 1978 masani Robert Carringer ya bi rubuce-rubucen fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar Welles ya yi musu gyara mai yawa da hannunsa. Welles ya rasu a 1985, ba shi da bakin kare kansa, kuma saurayin da ya kalli Mank a waya a nan Tamale abin da idonsa ya gani shi zai riƙe a matsayin tarihi.

Damuwata ta fi ƙarfi a kan namu. Marigayi Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai da aka tsinto faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara, aka nuna a Berlin a 2018. To, idan aikin hannun mutum zai iya salwanta haka, ina ga labarin halinsa da mu'amalarsa, wanda ba ya ko'ina sai a ƙirjin tsofaffin da suka zauna da shi?

Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, sun auna kowane mai ruwaya da jarhi da ta'adili. Makaɗan lunsi na Dagomba ma ba su taɓa tarihin sarakuna da wasa. Na yarda mai fim yana da uzurin taƙaita shekaru da ƙaga hirar da ba wanda ya ji, amma ɗora wa mamaci laifin da bai yi ba ƙazafi ne, wanke shi daga wanda ya yi kuma shaidar zur ce.

Saboda haka ina kira ga masu shirya fim na Kano da na Tamale, da jami'o'inmu, su gaggauta ɗaukar muryar iyalai da abokan aikin marigayan masu shirya fim namu tun suna raye. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Sabonjida, Tamale