Sharhi: Suleja ta ba Abuja suna da alama, ina wurin da baƙo zai ga tarihinta?

Kaɗan ne daga garuruwan Najeriya za su iya bugun ƙirji su ce an ɗauki abubuwa biyu da suka shafe su an buga a takardun kuɗin ƙasa. Suleja, a Jihar Neja, tana cikinsu. A bayan takardar Naira 100 da Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 1999 akwai hoton Dutsen Zuma, wanda ke gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Madalla. A bayan takardar Naira 20 da aka sake wa fasali a 2007 kuma akwai hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, sana'ar da ta yi suna da ita a cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja.

Duk da haka, mafi yawan waɗanda ke ratsa garin a kullum ba tarihi ke kawo su ba. Wasu ma'aikata ne da tsadar haya ta hana su zama a Abuja, wasu 'yan kasuwa ne, wasu kuma matafiya da ke kan hanyarsu ta zuwa Kaduna ko Minna. A daidai lokacin da gwamnatoci ke ta maganar mayar da al'adu da yawon buɗe ido hanyar samun kuɗin shiga, Suleja ta zama ma'auni mai kyau. Idan garin da ke bakin ƙofar babban birnin ƙasa bai iya nuna wa baƙo gadonsa ba, da wuya wanda ke can nesa ya iya.

Garin da ya sadaukar da sunansa

Suleja ita ce Abuja ta asali. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a yankin Zuba. Da ya rasu a 1825, ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, kuma shi ne ya kafa sabon gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Masarautar ta ci gaba da riƙe 'yancinta a tsawon ƙarnin, ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, har zuwan Turawa a 1902. Shi ya sa har yau ake kiran mai riƙe da sarautar Sarkin Zazzau na Suleja.

Wannan tarihi ya ba garin wani matsayi da babu irinsa da yawa. Tsarin sarauta da muƙamai da al'adun fada na Zazzau kafin jihadi, waɗanda suka sauya a Zariya, sun tsira a nan. Da su ne masanin nan M. G. Smith ya yi amfani wajen gano yadda aka tafiyar da mulkin tsohuwar Zazzau, a littafinsa da ya fito a 1960. Tun kafin shi, 'ya'yan masarautar biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, aka kuma fassara aikin nasu zuwa Turanci.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas. Kaso mafi girma na filin da aka keɓe, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, daga Jihar Neja ya fito, kuma sunan Abuja ya bi filin. Tsohon garin ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. A Suleja ne ma'aikatan farko na hukumar raya sabon birnin suka zauna kafin a gina musu matsuguni, kuma bayan da gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, garin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren kwanan masu aiki a birnin.

Daga fada zuwa Landan

Labarin cibiyar tukwane ma a fada ya samo tushe. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, aikin bunƙasa sana'ar ginin tukwane. Ya zagaya sassan Arewa yana neman wurin da ya dace, ya zaɓi Abuja ta lokacin saboda kyawun yumɓu da wadatar ruwa da itace, da kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. Sarkin mutum ne mai sha'awar tara tukwanen da matan yankin ke ginawa, kuma a cikin abin da ya tara ne Cardew ya fara ganin aikin Ladi Kwali. Cibiyar ta kankama tsakanin 1951 da 1952, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko da aka ɗauka.

An haife ta a garin Kwali wajen shekarar 1925, a cikin al'ummar Gbagyi, inda ginin tukwane aikin mata ne da ake gada. Da hannu take gini, tana murza yumɓu tana ɗorawa har tulu ya tashi, sannan ta zana masa kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi. A cibiyar ta koyi aiki da keken juya yumɓu, ta kuma ci gaba da gina manyan tuluna irin na gida, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su a murhu mai tsananin zafi.

An baje kolin kayan cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ita kuma ta je Turai da Amurka tana nuna yadda take aiki. Birtaniya ta ba ta lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta samu lambar yabo ta ƙasa kan ƙwarewa a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna a ranar 12 ga Agusta, 1984. Wasu mata sun bi sahunta a cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, kuma daga baya aka sa wa cibiyar sunanta.

Akwai darasi a cikin yadda wannan nasara ta zo. Manufar farko ita ce a samar wa gidajen Najeriya kwanuka da kofuna da faranti na gida, a rage shigo da su daga waje. Amma tulun gargajiya da ake ƙonawa a fili da itace da ciyawa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, shi ya sa yake sanyaya ruwa, ga shi da sauƙin kuɗi. Wanda aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai ƙarfi ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, ya kuma yi tsada. Sai ya tashi daga kayan amfanin gida ya koma kayan ado, masu sayensa kuma suka zama Turawa da manyan ma'aikata. Ma'ana, rayuwar cibiyar ta dogara ne ga baƙi masu zuwa su saya da kuma kuɗin gwamnati. Da waɗannan biyu suka yi rauni, sai cibiyar ta bi su.

Daraja a waje, sakaci a gida

A yau ayyukan Ladi Kwali suna ajiye a manyan gidajen tarihi na duniya, ciki har da Victoria da Albert a Landan. A 2022 an yi wani baje koli a birnin da ya ɗora tarihin mata baƙar fata masu aikin yumɓu a kan gadonta, kuma a watan Maris na shekarar kamfanin Google ya sa hotonta a shafinsa na farko. A Abuja akwai titi da babban ɗakin taro masu sunanta. Amma cibiyar da ta yi shekara talatin tana aiki a cikinta, jaridun Najeriya sun sha kawo rahoton yadda gine-ginenta suka tsufa, aiki ya ja baya, ɗalibai suka ƙaura. Hatta takardar Naira 20 da ke ɗauke da hotonta, tsadar rayuwa ta rage mata amfani a kasuwa, don haka wannan karramawar ma tana dusashewa a hankali.

Dalili na farko shi ne rabon iyaka. Gadon guda ɗaya ne, amma ya faɗa hannun hukumomi daban-daban. Kwali, mahaifar Ladi, yanzu tana cikin Babban Birnin Tarayya, haka ma Ushafa da ke ƙaramar hukumar Bwari, wadda cibiyar tukwanenta ta yi suna bayan ziyarar shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta na 2000. Suleja da Dutsen Zuma da magangarar ruwa ta Gurara kuwa suna Jihar Neja, wadda fadar gwamnatinta ke Minna. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da gidan tarihi a Minna. Baƙon da ke Abuja ya fi kusa da Suleja, amma mai ikon kashe kuɗi a kan Suleja yana can nesa da baƙon.

Na biyu shi ne son manyan ayyuka. Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adun da aka tsara tare da ita a tsakiyar Abuja, waɗanda aka fara ginawa a 2006, sun shafe shekaru masu yawa ba a kammala su ba. Irin wannan aiki yana cin biliyoyi, alhali abin da ƙaramar cibiya ke bukata shi ne rufi mai kyau, murhu mai aiki, albashin malamai da kuɗin sayen itace ko gas duk wata. Wannan kashe kuɗi ne da ba ya zuwa da bikin yanke ƙyalle, saboda haka shi ake fara mantawa a kasafi.

Na uku shi ne tsaro da hanya. Harin bam da aka kai ofishin hukumar zaɓe a Suleja a watan Afrilu na 2011, da wanda aka kai cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti ta wannan shekarar, sai kuma shekarun garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna, sun bar tabo a zukatan baƙi. Cunkoson ababen hawa daga Zuba zuwa Madalla da halin da hanyar Suleja zuwa Minna ta daɗe a ciki sun ƙara sanyaya gwiwar mai son fita shaƙatawa.

Abin da zai yiwu

Akwai misali daga gidan da Cardew kansa ya koyi sana'a. A garin St Ives na Ingila, ma'aikatar tukwanen da Bernard Leach ya kafa a 1920 ta taɓa shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Aka tara kuɗi aka gyara ta, aka sake buɗe ta a 2008 a matsayin gidan tarihi da wurin aiki a haɗe: baƙo ya ga tsohon murhu, ya ga magina suna aiki, ya sayi abin da suka gina. A gida ma, Gidan Makama na Kano ya nuna cewa tsohon gini da ke da alaƙa da fada zai iya zama makarantar tarihi ga ɗalibai da baƙi.

Suleja tana da duk abin da ake bukata don yin irin wannan. Tana da wurin asali, wanda ba a iya ƙirƙirarsa a wani gari. Tana da masarauta mai tsohon tarihi da hawan salla, a ƙarƙashin Sarki Muhammadu Awwal Ibrahim, wanda ya taɓa zama gwamnan Jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, ya kuma san yadda gwamnati ke aiki. Tana da Dutsen Zuma, wanda ya tashi kusan mita 300 sama da filin da ke kewaye da shi. Uwa uba, tana da kasuwa a ƙofarta: ofisoshin jakadanci, mahalarta taruka, da ɗimbin makarantun Abuja da ke neman inda za su kai ɗalibai ziyarar ilimi. Zagayen yini guda da zai haɗa dutsen da fada da cibiyar tukwane, ya ƙare a Gurara, ba ya bukatar sabon gini mai hawa goma. Yarjejeniya yake bukata tsakanin gwamnatin Jihar Neja da hukumar Babban Birnin Tarayya da masarauta, da masu rakiya da aka horar, da sa'o'in buɗewa da aka sani.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin shiga gaggawa. Roba da ƙarfe sun kori tulu da randa daga gidaje da yawa, kuma waɗanda suka koyi aiki a hannun Ladi Kwali da abokan aikinta sun manyanta. Gini ana iya sake shi ko bayan shekara ashirin, amma sana'ar hannu idan mai ita ya tafi ba tare da ya koyar ba, ta tafi ke nan. Ɗaukar bayanansu da muryoyinsu da hotunan yadda suke aiki, da haɗa su da matasa masu koyo, abu ne da ba zai jira kammala wani babban shiri ba.

Najeriya ta yi shekaru tana fafutukar dawo da kayan tarihinta da aka kwashe, kuma ta fara ganin sakamako, kamar yadda Jamus ta miƙa wasu daga cikin tagullan Benin a 2022. Wannan fafutuka za ta fi ƙarfin hujja idan ƙasar ta nuna tana kula da abin da bai taɓa barin hannunta ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duniya ta ji labarin Suleja a littattafai da takardun kuɗi, abin da ya rage wa hukumomi shi ne su tanadi wurin da wanda ya zo zai gani da idonsa.