A tambayi mai ɗora mana bidiyo: idan sabis ya yanke, daga ina aikin zai ci gaba?

Duk taron da Hausawan Kudu suka yi yanzu, naɗin sarauta ne ko walimar saukar Alƙur'ani ko tafsirin watan azumi, akwai mai ɗaukarsa a bidiyo, daga Sabon Ibadan har Agege. Ɗaukar ba ta yi wa kowa wuya. Inda ake shan wahala shi ne wajen ɗora shi a intanet don 'yan'uwa na gida su gani. Mu a ganinmu, yawancin kuɗin datar da ƙungiyoyi irin tamu ke ƙonawa a wannan aiki asara ce da za a iya kauce mata, kuma ƙara kuɗin datar ba zai magance ta ba.

A duba lissafin. Bidiyon awa ɗaya da aka ɗauka da waya mai kyau yakan kai gigabayit 6. Idan layinka na tura megabit 5 a daƙiƙa, to sai ya ɗauki awa biyu da minti arba'in kafin ya gama hawa. Wa ke da tabbacin sabis zai tsaya cak, wuta ba za ta ɗauke ba, waya ba za ta mutu ba, har tsawon wannan lokaci? Idan ana tura fayil ɗin ne a dunƙule, ya kai kashi casa'in sannan layi ya yanke, shi ke nan, an koma farko, data kuma ta tafi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, irin wannan asara ta daina zama abin wasa.

Maganin yana nan tuntuni. Manyan wuraren ajiye bidiyo suna da ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da na'urarsu kai tsaye, wadda ake kira API. Ta wannan ƙofa, YouTube na ba da damar a fara buɗe zaman turawa, ya ba ka adireshi na musamman, sannan a riƙa aika fayil ɗin gutsure-gutsure, kowane gutsure ninkin kilobayit 256. Idan layi ya yanke, manhajar za ta tambaya nawa ya iso, a amsa mata da lamba 308 tare da inda aka tsaya, sai ta ɗora daga nan. Kamar ɗan dako ne da ke sauke buhunan albasa a Mile 12: ruwa ya tsayar da shi a buhu na arba'in, in ya ɗauke ba zai mayar da arba'in ɗin cikin mota ya sake farawa ba. Vimeo ma na da irin wannan tsari mai suna tus. Manhajar da aka rubuta da hankali kuma ba ta yin ta bugun ƙofa da zarar an samu matsala. Takan jira daƙiƙa ɗaya, in bai yiwu ba ta jira biyu, sannan huɗu, har layi ya dawo.

Wasu za su ce ai WhatsApp ya ishe mu. Ya isa wajen gaisuwa da gajeren saƙo. Amma yana matse bidiyo har fuskoki su dusashe, in kuma an tura shi a matsayin fayil, iyakarsa gigabayit 2. Sannan abin yana zaune ne a wayoyin mutane, ranar da waya ta ɓata ko ta cika, sai a goge. Jawabin dattijon da ya ba da tarihin yadda iyayenmu suka zo fataucin goro da shanu suka kafa zango bai kamata ya dogara da wayar mutum ɗaya ba, musamman da yake masu wannan labarin suna ta raguwa.

Akwai abubuwan da matasanmu masu rubuta manhaja ya kamata su sani tun da wuri. Shafin YouTube da ba a tantance shi da lambar waya ba, minti 15 ne iyakar bidiyonsa. In an tantance, yana karɓar har awa 12 ko gigabayit 256. Bidiyon da aka ɗora ta API daga sabuwar manhajar da Google bai bincika ba kuwa, rufe shi ake yi, mai shi kaɗai ke gani, sai an nemi binciken. Don haka ƙungiyar da ke ɗora bidiyo biyu ko uku a wata ba ta buƙatar rubuta komai, shafin YouTube ɗin kansa yakan ci gaba daga inda ya tsaya idan aka sake zaɓen fayil ɗin. API na masu ɗorawa kullum ne, irin masu tafsirin kwana talatin.

Shawararmu ga kwamitocin yaɗa labarai: a rage nauyin bidiyo da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, kafin a tura. A ajiye asalinsa a faifai na ƙungiya, shafin kuma ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu aƙalla su san mabuɗinsa. Duk wanda za a biya ya yi wannan aiki, a sa shi ya kashe data ana tsakiyar turawa a gaban kwamiti, ya sake kunnawa, a ga inda ya ci gaba.