Idan Sadarwa Ta Katse A Gasar Mutum-mutumi, Wa Ya Kamata Ya Kawo Hujja?

A watan Afrilun 2012, a birnin St. Louis na Amurka, an kai zagayen ƙarshe na gasar mutum-mutumi ta 'yan sakandare da ƙungiyar FIRST ke shiryawa, sai wasu daga cikin na'urorin suka tsaya cik a tsakiyar fili. Ɗalibai na murza sandar sarrafawa, babu motsi. Wasan bai kai minti uku ba, don haka na'urar da ta yi daƙiƙa talatin a sandare ta riga ta faɗi, ga makonni shida na aikin ƙira sun tafi. A irin wannan hali amsar da aka saba ba yara ita ce su je su duba wayoyin wutar na'urarsu. Ni kuwa a ganina masu shirya gasa ne ya kamata su fara wanke kansu.

Dalilina shi ne ikon duka yana hannunsu. Su suka zaɓi rediyon da kowace tawaga za ta ɗaura wa na'urarta, su suka kafa kwamfutar da ke kula da fili, su kuma ke riƙe da bayanan abin da ya gudana a lokacin wasa. Ƙa'ida ta ce ba a maimaita wasa sai shugaban alƙalai ya gamsu cewa matsalar daga fili take kuma ta shafi sakamako. To, ɗalibin da ba a ba shi waɗannan bayanan ba, da me zai kare kansa? Wanda ake tuhuma shi ne mai riƙe da shaida, shi ne kuma mai yanke hukunci.

Binciken 2012 ya nuna haɗarin hakan. FIRST ta kira tawagogin da abin ya shafa zuwa New Hampshire, aka yi gwaje-gwaje, rahoto ya fito a watan Yuli. An gano cewa wani mutum ya yi amfani da wayar salula da gangan ya katse sadarwar wasu na'urorin, ta wata kafa da ke cikin manhajar na'urar Wi-Fi ta fili. Waccan kafar ba ɗalibai suka buɗe ta ba.

Masu adawa za su ce yawancin katsewar daga tawagogi take fitowa, kuma da gaskiyarsu. Wayar wuta kan kwance idan aka yi karo, batir kan yi sanyi har rediyo ya mutu ya sake tashi, kyamara kan cinye hanyar sadarwa. Rahoton kansa ya sami irin waɗannan kurakurai a na'urori da dama, kuma a 2013 aka ƙayyade wa kowace tawaga megabit 7 a daƙiƙa. Amma ai wannan ƙarin hujja ce gare ni: da aka buɗe bayanai, kowa ya ga rabonsa na laifi, yara suka koyi abin da aka tara su domin shi. Tsoron cewa duk wanda ya sha kaye zai nemi a maimaita wasa ma ba ya tsayuwa, domin ƙarfin batir da lokacin katsewa duk a rubuce suke, dubawa kawai suke bukata.

Duk mai shirya irin wannan gasa ya rubuta a ƙa'idarsa cewa tawagar da sadarwarta ta katse za a nuna mata bayanan fili kafin a tabbatar da sakamako. A 2012 sai da aka yi fiye da wata biyu kafin gaskiya ta fito, kuma sakamakon bai sauya ba.