Saƙon Tarko da Sunan Banki

Tun da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira a watan Oktoban 2022, abin da ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, manoma da 'yan kasuwar Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe suka koma ciniki ta waya ba don sun shirya ba, kuma 'yan damfara sun riga kowa gane hakan. Makaminsu shi ne saƙon tarko, wato imel ko tes ko saƙon WhatsApp mai ɗauke da tambarin banki, wanda ke gargaɗin za a rufe asusu cikin awa 24 idan ba a sabunta BVN ba, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka ɓullo da ita a 2014 domin tantance masu ajiya.

Alamominsa ba sa ɓuya ga wanda ya natsu. Adireshin mai aikowa yakan saɓa wa na banki da harafi ɗaya tak, mahaɗin da aka ce a latsa kuma yana kai mutum wani shafin bogi da ke neman lambar kati, da alƙaluma ukun da ke bayansa, da lambar sirri, da OTP, wato lambar da banki ke turowa domin tabbatar da hulɗa guda ɗaya. Banki ba ya neman waɗannan ta saƙo, Babban Banki kuwa ba ya ma riƙe asusun ɗaiɗaikun mutane, balle ya nemi a sabunta shi.

Wasu na cewa sakacin mai asusu ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma dattijon da ya sayar da buhunan gero a Kuchi, aka turo masa barazana da Turanci, ya miƙa wayarsa ga yaron da ke shagon POS ya karanta masa, ba sakaci ya yi ba, an bar shi ne cikin duhu. Abin takaici ne a ce bankunan da ba sa mantuwa da cire kuɗin alat a asusun talaka har yau da Turanci suke rubuta masa gargaɗi, alhali mazambacin da ke bugo waya bayan saƙon da tsantsar Hausa yake magana, har da sallama. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, EFCC tana kame, sai dai kuɗin da ya fita da wuya ya dawo. Wajibi ne bankuna su sayi lokaci a Rima Radiyo, su kuma tura ma'aikatansu kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, su yi wa jama'a bayani da Hausa.