Haɗin Gwiwar Gina Gida: Tun Ran Gini Ran Zane

Wata al'ada ta yi ƙarfi a tsakanin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha, watau mutum biyu su haɗa kai don sayen fili ko gina gida. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya kuwa ya kawo ƙarfinsa da sanin gari: shi zai nemo fili, ya tsaya kan magina, ya samo mai saye ko 'yan haya. Abin yabo ne, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma sau da yawa da baki kawai ake ƙulla maganar, sai gini ya kai linta sa'an nan gardama ta tashi, a ƙare a gaban Sarkin Hausawa ko kotu, zumunci ya lalace.

Abu na farko da ya wajaba a yanke shi ne sunan da za a sa a takardar fili. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, kuma ba a sayar da fili mai satifiket ko a jinginar da shi sai da yardarsa. Saboda haka wanda sunansa ke takarda shi hukuma ta fara sani. Mahaucin Agege da ya zuba jarinsa, amma satifiket ya fito da sunan abokinsa kaɗai, lalle ya bar magadansa da aiki.

Na biyu, rabon riba. Ka'idar ƙiradi da malamai ke karantarwa ita ce a yanka wa kowa kaso daga riba, kamar rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi tsayayye ba. In an faɗi, mai kuɗi ya yi hasarar dukiya, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa, sai fa in sakaci ko ha'inci ya tabbata a kansa. Misali, in gini ya ci naira miliyan 30 aka sayar miliyan 40, a fara mayar da uwar kuɗi, sa'an nan a raba miliyan 10 yadda aka shirya.

Na uku, kashe kuɗi. A buɗe asusu na musamman a banki, kowane buhun siminti a ajiye rasit nasa, a kuma faɗi iyakar abin da mai aiki zai kashe ba da shawara ba. Kada a yarda da lissafin "kuɗin omo onile" marar shaida, tun da Jihar Ikko ta haramta irin wannan karɓa da ƙarfi a dokarta ta 2016.

Na huɗu, mafita. In ɗaya ya rasu, ko ya so komawa gida, wa zai sayi kasonsa, kuma wa zai yi masa kima? Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda a yi rajistar tarayya wadda mai kuɗi ba zai ɗauki hasarar da ta wuce jarinsa ba, muddin bai sa hannu cikin gudanar da aiki ba.

Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umurni ce da rubuta bashi. Ya kamata sarakunan zango da limamai su riƙa tura abokan tarayya wurin lauya, da shaidu, tun ba a aza bulo na farko ba.