Daga Bakin Allo: Masu Hawan Duwatsun Ennedi

A wannan wata filin namu zai nufi arewa maso gabashin ƙasarmu Cadi, wato yankin Ennedi, inda iska da ruwa suka sassaƙa duwatsu tun zamani mai nisa, wasu suka miƙe kamar hasumiya, wasu suka lanƙwasa kamar bakan gizo. Ɗaya daga ciki, mai suna Aloba, tsayinsa ya kai wajen mita 120. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

A ƙarshen 2010 wata ƙungiyar gwanayen hawan dutse ta zo ƙasar nan, cikinsu akwai Mark Synnott da Alex Honnold daga Amurka, da James Pearson daga Ingila. Honnold ɗin nan shi ne wanda a 2017 ya hau dutsen El Capitan, mai tsawon kusan mita 900, ba tare da igiya ba. Daga Njamena suka ɗauki motoci, suka yi kwanaki suna keta jeji da rairayi, sa'an nan suka hau wasu hasumiyoyin dutse da ba a san wani ya taɓa taka kansu ba. Har fim aka yi a kan tafiyar.

To, yaya ake irin wannan tafiya? Daga Njamena zuwa Fada ta hanyar Abeshe ya wuce kilomita 1,000, kuma ƙarshen hanyar babu kwalta. Mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai, domin in ta lalace babu mai ceto. Ana loda jarkokin ruwa da na mai, da tayoyin ko-ta-kwana, da shebur na tono in an kafe. In an iso yashi mai laushi sai a rage wa taya iska don kada ta nutse. Lokacin tafiya kuwa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sa'an nan dole a sami ja-gora ɗan ƙasa, saboda shi ya san rijiyoyi, shi ya san inda ba a bi, don yaƙin da aka yi da Libiya, wanda a cikinsa aka gwabza a Fada a Janairun 1987, ya bar nakiyoyi a wasu sassan arewa. Da ɗan gari a kan ci gari.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu fatake da alhazan ƙasa da suka ratsa Abeshe zuwa Makka haka suka yi: madugu a gaba, ayari a baya, a auna ruwa, a san zango.

Hawan kansa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana hawa da igiya ɗaure a ƙugunsa, yana cusa ƙananan ƙarafa a tsagar dutse yana rataya igiyar. Ɗayan yana ƙasa riƙe da ita, yana saki kaɗan kaɗan. In na sama ya zame, na ƙasa ya danne igiya, sai ya tsaya a ƙarfen ƙarshe da ya kafa. Ran mutum ke nan a hannun ɗan'uwansa. Matsalar Ennedi ita ce dutsen asalinsa yashi ne da ya dunƙule, a wasu wurare yana marmashewa a hannu, ƙarfen da aka cusa ma yana iya fizgewa. Ga shi babban asibiti sai an yi tafiyar kwanaki. Shi ya sa gwani a can shi ne wanda ya san lokacin da zai haƙura ya sauko.

Amma ga abin da ya dame mu. Mun sha tambayar yara a aji su nuna Ennedi a taswira, sai ka ji tsit. Baƙo ya biya kuɗin jirgi ya zo ganin kadojin da suka rage a tafkin Arshe, inda raƙuma ke shan ruwa, da zanen shanu da mutane da aka yi a jikin duwatsu shekaru dubbai da suka wuce, alhali ɗan ƙasa bai ma ji labari ba. Wanda bai san darajar abu ba kuwa, shi ne zai rubuta sunansa da gawayi a kan zanen da ya girmi kakan kakansa.

Saboda haka muna kira ga malamai 'yan'uwanmu, mu koyar da labarin ƙasa da hotuna, kada mu tsaya ga hadda kawai. Samarinmu direbobi da makanikai da masu jin Faransanci da Larabci su sani akwai halal a wannan harka ta rakiyar baƙi, in an koyi aikin. Baƙi kuma su girmama mazauna wurin, su nemi izini, su biya haƙƙi, kada su kafa ƙarfe kusa da zane, su kwashe shararsu.

Allah Ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.