Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Garin Fanisau

Zuwa ga Majalisar Masarautar Kano, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Shugaban Ƙaramar Hukumar Ungogo.



Iyayenmu, Allah ya ja zamaninku. Bayan gaisuwa da ban girma, na rubuto ne a kan Fanisau, garin nan da ke can wajen filin jirgin saman Malam Aminu Kano, wanda birni ke ta matsowa yana neman mayar da shi unguwa. Da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya. Gidan sarki da ke garin na masarauta ne, harkokin garin na yau da kullum suna hannun ƙaramar hukuma, adana tarihi kuwa dominsa aka kafa hukumar. Inda masu haƙƙi suka yi yawa, kowa yakan zaci ɗan'uwansa na lura.

Kun fi ni sanin labarin, amma bari in maimaita saboda masu karatu. Sarki Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano a 1819, ya tarar da tawaye ta ko'ina, mafi tsanani kuwa na Ɗan Tunku daga arewa. Sai ya mayar da Fanisau ribaɗi, garin tsaro da mayaƙa ke zaune a cikinsa da iyalansu, irin tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa, har shi kansa ya tare a ribaɗin Wurno. Da Baturen Ingila Clapperton ya iso Kano a watan Janairun 1824, bai tarar da Sarki a Gidan Rumfa ba. Sai da ya bi shi Fanisau suka gana. Ke nan akwai lokacin da wanda duk ke son ganin mai mulkin Kano, nan zai nufa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika ambata ba. Fanisau garin gandu ne. An zaunar da bayi da yawa a can suna noma wa Sarki da manyan fada, kuma manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi ne ke kula da gandayen sarki a wancan zamani. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, gonakin wannan yanki suka shiga ciki. A 1975 Yusufu Yunusa ya naɗi muryoyin dattawan garin a kaset, suna faɗin yadda ake fita aikin gandu da yadda bawa ke fansar kansa. Farfesa Mohammed Bashir Salau ya dogara da waɗannan hirarraki ya fitar da littafi sukutum a kan Fanisau a 2011, da Turanci. Ɗalibi a Amurka zai iya ɗauko shi a ɗakin karatu ya san garin ciki da bai, alhali ɗan firamaren Fanisau, wanda da Hausa kakanninsa suka yi maganar, bai san an yi ba. Ina roƙon Hukumar Tarihi ta nemo kwafen kaset ɗin, ta sa a rubuta tarihin garin da Hausa. A faɗi na mayaƙa, a faɗi na manoman gandu, ba tare da an kama sunan gidan kowa ba, don kada abin ilimi ya koma gori. Dattawan da ke raye yanzu ma a zauna da su tun ana jin muryarsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙasa. Duk wanda ya san gefen Kano ya san yadda gona ke zama unguwa. Magada su raba gado, dillali ya zo, a yi awon igiya, a yanka fegi-fegi. Kafin damina biyu tifa ta sauke yashi, an buga bulo, an ɗora kwano. Mai saye ba shi da laifi, muhalli yake nema wa 'ya'yansa. Idan tudun da ke bayan filinsa sawun tsohuwar ganuwa ne, wa ya gaya masa? Tudu kawai ya gani, kuma yana bukatar ƙasar ciko. Haka muka yi asarar mafi yawan badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu: wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya jingina shago, har aka wayi gari wurare da yawa sai dai a nuna maka da baki. Sunanta yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma hakan bai hana kowa haƙa ba. To idan ganuwar birni, da take a idon gwamnati, ta ga haka, ina ga ta ƙaramin gari?

Saboda haka aikin farko mai arha ne. A ɗauki mai awon ƙasa, a haɗa shi da hakimi da dagaci da masu unguwanni da tsofaffin da suka yi wasa a wuraren suna yara, a zaga da ƙafa. A shata iyakar gidan sarki da filin da ke gabansa, da tsohon masallaci, da maƙabartu, da duwatsun garin, da duk abin da ya rage na sawun ganuwa. A kafa shaida ta kankare, a zana taswira, a kai kwafe ga hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa, a liƙa ɗaya a ƙofar dagaci yadda dillali ba zai ce bai sani ba. Sannan a zauna da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon ayyana wuraren tarihi, ga ofishinta nan a Gidan Makama, a tantance matsayin kowane wuri. Wanda ba ya cikin rajista a shigar da shi. Inda iyakar ta ci gonar wani, a biya shi diyya ta gaskiya. In aka ƙwace, an yi wa wurin maƙiyi har jikoki.

Sai maganar gyara, kuma a nan nake neman afuwa, don na san da kyakkyawar niyya ake yi. Mun saba idan an ce a gyara tsohon gini, sai a kira ɗan kwangila ya shafe shi da siminti, ko ya rushe ya tayar da na bulo ya yi masa zanko a kai. Ginin ƙasa ba ya shiri da siminti. Bangon tubali yana shan danshi yana fitarwa. In ka rufe shi, danshin ya rasa hanya, ya yi ta cin bangon ta ciki, ran nan sai filastar ta ɓamɓaro falle guda ta taho da rabin ƙasar. Abin da soro ke so kowa ya sani a da: a share rufi kafin ruwan farko, a buɗe indararo, a duba azara ko gara ta shiga, a yi yaɓe, a bi da makuba. Magina masu wannan sani suna nan a Kano, sai dai suna tsufa, yaransu kuma sun koma bulo don can ne abinci yake. Ku ware musu kuɗin yaɓen shekara-shekara a kasafi, ku sa sharaɗin kowane magini ya zo da yaran garin su koya. Kuɗin bai kai na rushewa da sake gini ba, illa dai ba a yanka masa kirtani a kira 'yan jarida.

Na san za a ce ai ba a manta da Fanisau ba, ga Hawan Fanisau nan. Gaskiya ne, kuma mun yi murna da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Amma hawa yini guda ne. Dawakai su zo, ƙura ta tashi, 'yan kallo su watse, garin ya koma jiran baɗi. A 'yan shekarun nan ma mun ga an sha dakatar da hawan. Abin da ake so shi ne ɗakin tarihi na kullum, kuma ɗaki ɗaya ya isa a fara: hotuna, taswira, kaset na magana, da matashi ɗan garin mai albashi da zai zaga da baƙi. Makarantun Ungogo su riƙa kawo ɗalibai. Ranar da mai shayi da mai ɗan sahu suka fara samun ciniki saboda baƙin da ke zuwa ganin wurin, ba sai kun ɗauki mai gadi ba.

Ranku ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane rani ana yanka sabbin filaye a gefen Kano, kuma fegin da aka riga aka gina ba ya dawowa sai da rigima da kotu. Ina roƙonku ku sa ranar zama ɗaya, ku uku tare da dattawan Fanisau, a fito da igiyar awo ta hukuma kafin ta dillalai ta riga ta.

Allah ya taimake ku, ya yi muku jagora.

Haza wassalam.